Inda jirginka zai kwana: yadda ake zaɓar gurbi a tashar ƙananan jiragen ruwa

Idan Allah ya hore maka kuɗin sayen jirgin ruwanka na farko, kada ka miƙa wa mai shi ko kwabo sai ka san inda za ka ɗaure shi. Ba a sayen doki kafin a kafa turke, kuma a nan gaɓar kudancin Ingila inda nake zaune, turken ne ke cin aljihu, ba dokin ba. Tsohon jirgi mai tafiya da iska, mai tsawon mita 8 ko 9, irin waɗanda aka ƙera birjik a shekarun 1970 da 1980, bai fi ƙarfin ma'aikaci mai ɗan tattali ba. Amma hayar wurin da zai kwana a tasha mai kyau, shekara biyu ko uku kacal sai ka ga ta kamo kuɗin jirgin har ta wuce. Masu sayarwa sun san haka. Shi ya sa in ka ga farashin wani jirgi ya faɗi warwas a watan Maris, sau da yawa ba lalacewa ya yi ba, sabuwar haya ce ta ƙarato, domin tashoshi da dama daga 1 ga Afrilu suke ƙirga shekararsu.

Nawa jirgin mita 8 da rabi ne, yana nutsewa mita ɗaya da rabi a ruwa, da ɗan injin dizal a cikinsa. Yankin da na sani shi ne Solent, mashigin tekun da ya raba tsibirin Wight da sauran Ingila, daga Lymington har zuwa Chichester. Da shi zan riƙa ba da misali, amma lissafin ɗaya ne duk inda teku ke cika yana janyewa.

Bari in faɗi ra'ayina tun yanzu. Sabon shiga ya nemi gurbin da zai iya fita ya dawo shi kaɗai ba tare da gabansa ya faɗi ba, ko da ya fi tsada, ko da banɗakin tashar bai kai na maƙwabta kyau ba. Zagaya kowace tasha ranar Asabar a tsakiyar bazara, rana ta fito, iska daidai wa daida, za ka tarar da jirage jingim a ɗaure, gansakuka ta yi kore a jikin igiyoyinsu. Wasu masu su aiki ne ya riƙe su. Wasu kuwa tsoron dawowa ne ya hana su fita: sun taɓa gogar jirgin maƙwabci a gaban jama'a, tun daga ranar kullum da uzurin da za su kawo.

Wuraren ɗauri iri-iri ne. Akwai tasha sosai, mai gadar katako da ke iyo a kan ruwa, tana hawa tana sauka tare da teku. Ka ajiye mota, ka tura kayanka a baro har gefen jirgi, ga famfo, ga soket ɗin wuta, ga mai gadi dare da rana. Ita ta fi tsada. Akwai ɗauri a tsakiyar kogi, a jikin wata ƙatuwar ƙwallo mai iyo da aka riƙe da sarƙa a ƙasan ruwa, ko tsakanin gungume biyu da aka kafa. Kuɗin wannan bai kama ƙafar na tasha ba, sai dai dole ka hau ƙaramin kwalekwalen roba kafin ka isa jirginka, da jarkar ruwa da batir da yara, wani lokaci cikin yayyafi. Kamfanonin inshora da yawa ba sa yarda jirgi ya yi hunturu a irin wannan wuri, daga wajen ƙarshen Oktoba sai an fitar da shi tudu. Masu araha na hukuma kuwa, irin na kogin Hamble, layi ake bi, mutum ya rubuta suna ya jira shekaru. Sai wurin da ruwa ke janyewa ƙarƙaf, jirgi ya zauna a laka sau biyu a yini. Jirage masu ƙafa biyu a ƙasa, irin Westerly Centaur da aka ƙera fiye da 2,400 daga 1969 zuwa 1980, da irin wannan wuri suka dace: ruwa ya tafi, su zauna daram. Nawa ƙarfe ɗaya gare shi a ƙasa, in aka bar shi a busasshen wuri kishingiɗa zai yi. Masu ƙananan jiragen inji kuma suna da tasu hanyar: a jera musu a kan kanta a tudu, ranar fita su buga waya, injin ɗaukar kaya ya sauko da jirgin ya tsoma a ruwa.

Ni dai a shekarar farko na ce a biya na gada. Koyon tuƙi ya ishe ka wahala, kada ka haɗa da ta kwalekwale. In hannunka ya faɗa, sai ka koma tsakiyar kogi ka rage kashe kuɗi.

Ruwa nawa ne a ƙarƙashinka

Wanda ya tashi a gefen kogi ko dam ya san ruwa na cika da damina ya ja baya da rani. Teku sau biyu yake yin haka a yini guda. Tsakanin cika da cika awa 12 ne da wajen minti 25, don haka lokacin yana gusawa gaba da kusan minti 50 kullum. Wata ne ke jan ragamar abin, kuma mu da muka saba ƙirga kwanan wata saboda azumi da salla mun samu sauƙi a nan. Wajen tsayuwar wata, da kuma kwana ɗaya ko biyu bayan ya cika, ruwa kan yi babbar cika ya kuma yi babbar janyewa. Wajen 8 ga wata da 23 ga wata kuwa sai ya yi kasala, bai cika sosai ba, bai janye sosai ba.

Taswirar teku tana auna zurfi ne daga mafi ƙarancin ruwan da lissafin wata da rana ke bayarwa, sai ka ɗora abin da jadawalin ranar ya nuna a kai. A Portsmouth, babbar cika kan kai wajen mita 4.7, babbar janyewa ta sauko wajen 0.8. A kwanakin kasala kuwa cikar wajen 3.8 ce, janyewar 1.9. Ke nan bambancin kusan mita 4 ne a wani mako, kusan 2 a wani. A mashigin Bristol ya haura mita 12, shi ya sa tashoshin can irin na Portishead da Penarth a bayan ƙofar ruwa suke, wadda ke riƙe musu ruwa in teku ya janye.

Tambayarka ta farko a ofishin tasha ita ce: ruwa nawa ke saura a gurbin nan ranar babbar janyewa, kuma yaushe aka yashe wurin na ƙarshe? Laka ba ta hutawa, kowace shekara sai ta ƙaru, kuma adadin da ke cikin takardar talla yana iya zama na ranar da aka gama yasa. A ce zurfin gurbin mita 1 ne a taswira. Ranar babbar janyewa ka ɗora 0.8, ya zama 1.8. Jirgina na cin 1.5, saura santimita 30 tsakaninsa da ƙasa. Wannan ba wani abin alfahari ba ne, don in sama ta washe kuma nauyin iska ya hau, yakan danne teku: duk ƙarin milibar ɗaya, ruwa ya ragu da kusan santimita ɗaya. Rana mai kyau tana iya cinye maka rabin ratar. In ƙasan laka ce mai laushi, ƙarfen jirgi zai lume ya fito ba komai. In tsakuwa ce ko akwai tsohuwar sarƙa a binne, zance ya sha bamban. Ka tambayi mashiga ma, ba gurbin kaɗai ba. Gurbi mai zurfi a bayan mashiga marar zurfi ba shi da amfani.

Wasu tashoshin suna riƙe ruwansu da wani dokin ƙofa na siminti a ƙarƙashin ruwa. Teku ya janye, na ciki ya tsaya, jirage na iyo lafiya. Emsworth a Chichester haka take. Irin waɗannan sun fi araha, kuma akwai dalili. Ga lissafin: a ce dokin ƙofar ya ɗara ma'aunin taswira da mita 2.4. Ka ɗora nutsewar jirgi 1.5, ka ƙara 0.3 don kwanciyar hankali, kana bukatar ruwa ya kai 4.2 kafin ka tsallake. A makon babbar cika za ka samu 'yan awoyi. A makon kasala, da ruwan bai wuce 3.8 ba, ba fita ba shiga, ko da rana ta fi kowace rana kyau. Sannan a yankin Solent babbar cika wajen tsakar rana da tsakar dare take faɗowa, ƙaramar kuwa wajen shida na safe da shida na yamma. Duba yadda abin yake: ranar da ruwa ya ishe ka, ka fita da hantsi, to ko ka dawo kafin azahar ta yi nisa ko ka jira tsakar dare. Ranar da lokacin ya dace da fita da safe a dawo da yamma, ruwan ne bai kai ba. Mai jirgi marar nutsewa sosai wannan ba ya damunsa. Mai irin nawa, in yana aiki Litinin zuwa Juma'a, ya ɗauko jadawalin shekara ya ƙirga Asabar nawa ne za su yi masa daidai daga Mayu zuwa Satumba, ya raba kuɗin haya da adadin. A nan ake gane mai araha na gaskiya.

Ƙofar ruwa ta fi dokin ƙofa sauƙi. Ɗaki ne mai ƙofa biyu, ka shiga a rufe, a daidaita ruwa, a buɗe ɗaya ɓangaren. Port Solent da Hythe da babbar tashar Chichester duk haka suke. A ciki ruwa kwance yake, babu igiya babu ja, wurin koyon fakin ne mai kyau ƙwarai. Abin da za ka biya shi ne jira. Yammacin Lahadi a watan Agusta kowa ya dawo lokaci guda, ka tsaya a layi kana riƙe jirgi wuri ɗaya da inji, iska na tura ka, na gaba ya tsaya, na baya na matsowa. Sabon direba ya fi shan wuya a wannan layin fiye da cikin teku.

Ka ɗaga kai sama ma. Jirgi mai dogon jigo, wato sandar da ke riƙe filafilan iska, ba ya wuce gadojin Bursledon a kogin Hamble, duk tashar da ke bayansu ta masu inji ce ko masu kwantar da jigo. A Poole, wanda ya ajiye jirgi can ciki a Holes Bay sai ya jira a ɗaga gada biyu, tsohuwar da kuma Twin Sails da aka buɗe a 2012, kuma da lokacinsu suke ɗagawa, ba da naka ba.

Sai nisa daga gurbi zuwa buɗaɗɗen ruwa. Daga Gosport, minti kaɗan ka fita bakin Portsmouth. Daga Port Solent, can ƙuryar wannan tashar dai, ƙaramin jirgi zai ci kusan awa guda yana gurnanin inji kafin ya ɗaga filafilai, ya kuma ci wata awar a dawowa. A Hamble ba a wuce gudun mil 6 na teku a awa, kuma jirage fiye da 3,000 ne ke kwana a kogin, don haka wanda ke can sama wajen Swanwick ya sa wannan a lissafinsa. Kusa da baki kuma da nata: bakin Portsmouth ƙunci gare shi, ga jiragen yaƙi, ga manyan jiragen fasinja masu zuwa Faransa da tsibirin Wight. Doka ce duk jirgin da bai kai mita 20 ba ya bi ƙaramar hanya ta gefen yamma, inji a kunne, kunne a tasha ta 11 ta oba-oba. Ba abin tsoro ba ne, amma ka sani kafin ka sa hannu.

Kariya daga iska ba a ganinta ranar da aka kai ka yawon gani, don ofis ba ya gayyatar mutum ranar hadari. A Birtaniya iska ta fi zuwa daga kudu maso yamma, kuma tashoshi da yawa da ita aka gina su a zuciya. Ka tambayi ɓangaren da wurin yake a buɗe. Holyhead a arewacin Wales tana da katangar dutse mai tsawon kusan kilomita 2.7, mafi tsawo a ƙasar, wadda aka gama a 1873. A farkon Maris 2018 guguwar Emma ta zo ta wajen gabas, inda katangar ba ta tare ba, ta wargaza gadojin tashar, jirage wajen 80 suka nutse ko suka farfashe a kan duwatsu. Brighton kuwa cikinta lafiya lau, amma kai tsaye take kallon teku, in iska mai ƙarfi ta taso daga kudu mashigarta ba wurin sabon shiga ba ce, kuma babu wani kogi ko lungu a kusa da za ka je ka yi atisaye cikin kwanciyar ruwa.

Jiragen da ke wurin za su gaya maka abin da ofis ba zai faɗa ba. Duƙa ka dubi igiyoyinsu. In ka ga kowa ya sa wa igiyarsa sifirin na ƙarfe ko baƙar roba mai talewa, ya kuma zura ta cikin guntun tiyo a inda take gogar jirgi, to ruwan wurin yana fizga. In matasan roban da ake ratayawa a gefe sun yi baƙi sun lotse, fentin jirgi ya goge a bayansu, ana shan gugar gada a nan. Dubi gungumen da gadar ke hawa a jikinsu: ga alamar inda ruwa ya saba kaiwa, nawa ya rage a sama? Tsaya shiru ka ji ko gadar na rawa a ƙarƙashin ƙafarka idan jirgin fasinja ya wuce. Sannan ka nemi dattijon nan da ba a rasawa a kowace gada, mai tsohuwar rigar sanyi da kofin shayi, yana goge abin da ya riga ya goge jiya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wani irinsa ne ya nuna mini layi biyu a wata tasha, kuɗinsu ɗaya, ya ce na hagu in ruwa ya fara janyewa sai ka ga ciyawa na gudu a ƙarƙashin gada, na dama kuwa ko murfin kwalba ka jefa nan za ka dawo ka same ta.

Gurbin kansa

A nan na fi son ka daɗe. Mutane kan zaɓi tasha su bar ofis ya zaɓa musu gurbi, alhali a tasha ɗaya akwai gurbin da yaro zai shiga, akwai wanda ƙwararre ma sai ya yi addu'a.

Jirgi ba shi da birki. In ka rage gudu sosai sitiyari ya daina ji, iska ta kama hancin jirgin ta kai shi inda ta ga dama. Don haka abu na farko shi ne faɗin layin da za ka juya a ciki, tsakanin bayan jiragen wannan gefe da na wancan. Masu tsara tashoshi kan bar aƙalla tsawon jirgi ɗaya da rabi. Kai da kake koyo, nemi fiye da haka. Kuma kada ka auna da tsawon gurbin da aka zana, auna da jiragen da ke ciki yanzu: wani ya fi gurbinsa tsawo, ya rataya kwalekwale a baya, wani ankarsa ta leƙo da kaifinta daidai inda gefenka zai bi. Gurbin da ke kusa da bakin layi ya fi na ƙurya nesa ba kusa ba. In shigar ta ƙi, kana da wurin ja da baya ka sake. A ƙurya, daga kai sai bango.

Na biyu, iskar da aka fi yi ta ina take bugun gurbin? Wanda ya fi daɗi shi ne wanda za ka shiga hancinka na fuskantar iska, ita da kanta za ta tsayar da kai. Wanda iska ke turo ka ta baya, kullum da gudu za ka shiga. Ta gefe kuma iri biyu ce. In tana tura ka zuwa reshen gadar da za ka ɗaure, shiga da sauƙi, sai dai jirgi zai yi ta guga duk hunturu, fita kuma sai dabara. In tana ture ka daga reshen, jirgi na hutawa, amma a wajen shiga daƙiƙa kaɗan gare ka ka ɗaure kafin ta kwantar da kai a jikin maƙwabci. Ga mai fita shi kaɗai, ko da iyalin da ba su saba ba, na fi son wadda ke tura ni zuwa gada. Matashin roba araha ne, fentin maƙwabci ba araha ba.

Na uku, farfela. In ka sa ribas, farfela kan ja bayan jirgi gefe guda kafin ya fara tafiya. Nawa hagu yake ja, kamar yadda da yawa suke yi. Ke nan in reshen gada na hagu da ni, ina taka ribas don tsayawa bayan jirgin ya matso gada da kansa. In yana dama, ribas ɗin nan ce za ta nisanta ni da shi daidai lokacin da nake son in taka. Kafin ka zaɓi gefe, gwada jirgin da za ka saya: a ɗaure, sa ribas a hankali, leƙa ka ga ta wane gefe ruwa ya fi tumbatsowa. Bayan jirgin ɗaya gefen zai nufa.

Na huɗu, jan ruwa. A Southampton da Hamble ruwa kan cika ya daɗe a cike, har ana cewa sau biyu yake cika, sannan ya zube gaba ɗaya cikin ƙasa da awa huɗu. Tashoshin da ke cikin kogin, ruwan nan ta ƙarƙashin gadojinsu yake bi. Gurbin da ke layi ɗaya da kogi ana iya sarrafa shi. Wanda ruwa ke yanka ta gefe, a tsakiyar babbar janyewa, ya wuce aikin shekarar farko.

Sai ka hau reshen gadar da ƙafarka, har ƙarshe. Wani siriri ne gajere, ka taka bakinsa ya lotsa ya nemi jefa ka ruwa. Tsawonsa ya kai aƙalla inda kake saukowa daga jirgi? Ƙarafan ɗaure igiya nawa ne, akwai na tsakiya? Wannan na tsakiyar shi ne abokin mai tuƙi shi kaɗai, igiya ɗaya daga tsakiyar jirgi zuwa gare shi ta isa ta riƙe ka har ka ɗaure sauran. Dubi tsanin fitowa daga ruwa mafi kusa. Ruwan nan a watan Fabrairu, mutum da rigar sanyi da takalmi ba ya iya hawa gada da ƙarfin hannunsa.

Gani ya kori ji: kusan kowace tasha tana karɓar baƙi na kwana ɗaya. In jirgin ya zo hannunka kafin ka ɗaure kanka da shekara, kwana a wurin, in da hali a gurbin da ake son ba ka. Da dare ne za ka ji kiɗan mashayar da ke bakin ruwa, da ƙarar igiyoyin da ke dukan jigo har asuba. In babu jirgi tukuna, je sau biyu da ƙafa, ranar babbar janyewa da ranar iska.

Takarda da kuɗi

Da mita ake biya, kuma ba mitar da ke takardar jirgi ba. Za su auna daga abin da ya fi leƙowa a gaba zuwa abin da ya fi leƙowa a baya, har anka da tsani da injin da aka rataya. Jirgin mita 8.5 yana iya komawa 9.1. A ce ana biyan fam 600 a mita, ka tashi daga 5,100 zuwa 5,460 saboda ƙarafa biyu. Ka tabbatar harajin VAT na kashi 20 cikin ɗari yana ciki. Ka tambayi wuta, ko da mita ce ko a dunƙule, da wurin ajiye mota, da kuɗin hukumar kogi in akwai. Babban abu shi ne fitarwa tudu: kowace shekara sai an ɗaga jirgi an wanke ƙasansa, an shafa fentin da ke hana gansakuka da katantanwa kamawa, an canza dunƙulen tutiyar da ke kare farfela daga cin gishiri. Tashar na da injin ɗagawa? Makonni nawa a tudu ke cikin hayarka? An yarda ka yi aikin da hannunka, ko ka kawo makanikinka daga waje ba tare da an caje shi kuɗin shiga ba? Wannan kaɗai yana iya rufe ratar da ke tsakanin tasha mai tsada da mai araha.

Karanta yarjejeniyar zuwa ƙarshe, da shayi a gefe. Yawanci izinin ɗauri aka ba ka, ba hayar wani gurbi takamaimai ba, suna da ikon matsar da kai, kuma in ka yi tafiya su sa baƙo a wurinka. In ka sha wahalar zaɓen gurbi, nemi a rubuta lambarsa, ka kuma gaya musu dalili. Za su nemi inshorar ɓarnar da ka iya yi wa wasu, galibi ta fam miliyan 2 ko 3. Wasu na karɓar kashi ɗaya cikin ɗari in ka sayar da jirgi a cikin tasharsu. Da yawa sun hana mayar da jirgi gida, kwana na ƙarshen mako ba laifi, zama dindindin a'a, don haka mai tunanin guje wa hayar ɗaki ta wannan hanya ya yi tambaya ƙarara. Duba kuma abin da zai faru in ka fasa a tsakiyar shekara. Alamar anka ta zinare da ake liƙawa a ƙofar tasha tana nuna tsabta da kyan hidima. Ba ta san ta ina farfelarka ke ja ba.

Hanyar mota kuwa, ka auna ta da yammacin Juma'a, ba da taswirar waya da tsakar dare ba. Daga Landan zuwa Hamble ta manyan titunan M3 da M27 tafiya ce mai sauƙi a takarda, amma ba ranar da kowa ya nufi teku ba. In ta wuce awa ɗaya da rabi, zuwa duba igiya bayan guguwa zai zama aiki, kuma jirgi na son a riƙa leƙa shi ko ba za a fita ba.

Ranar da za ka kai jirgin gurbinsa, zaɓi lokacin da ruwa ya tsaya, ba ya cika ba ya janyewa, da safe kafin iska ta tashi, kuma ba Asabar ba in da hali. A Birtaniya ba a bukatar lasisin tuƙa ƙaramin jirgin shaƙatawa a teku, amma oba-oba sai da takardar shaida da lasisin Ofcom, hukumar sadarwa ta ƙasar, don haka ka gama da wannan tukuna. Kira tashar ta oba-oba a lamba 80 tun kana waje, faɗi sunan jirgi da lambar gurbi, ka ce sabo ne kai kana son a turo mai karɓar igiya. Aikinsu ne, kuma sun fi son haka da cike takardar haɗari. Rataya matasan roba a gefe biyu, ba gefen gada kaɗai ba, shirya igiyar gaba da ta baya da ta tsakiya, ka gaya wa duk wanda ke cikin jirgin kada ya yi tsalle, kada kuma ya sa hannu ko ƙafa tsakanin jirgi da gada. Bayan ka ɗaure, koma ofis ka sa sunanka a jerin masu neman canjin gurbi. Wajen Afrilu mutane kan tashi, kuma wanda ke ciki ake fara tambaya kafin na waje.